Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tsara Manyan Layukan Dogo Da Na Waya: Ina Hanya Ta Biyu?

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku, ministocin sufuri da na sadarwa, shugabannin hukumomi, da injiniyoyin da ke zama gaban taswira su ce nan dogo zai bi, nan kuma kebul zai kwanta. Ni ma'aikacin gyaran layi ne. Yawancin shekarun aikina a cikin rami da bakin kwalbati na yi su, ina haɗa wayar da ta tsinke. Ba a kirana sai ranar da abin da kuka tsara ya samu matsala, don haka akwai abin da nake gani a ƙasa wanda da wuya ya iso teburinku. Shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Wani dare aka tashe mu, wai babban layi ya ɗauke. Muka jona na'urar da ke harba haske cikin zaren, ta nuna mana tazarar inda hasken ya tsaya, muka ɗauki mota muka bi gefen dogo. Wajen ƙarfe ɗaya muka tarar da abin. Wani ɗan kwangila ne yake haƙa magudanar ruwa, katafilarsa ta sa haƙori ta zaro bututun gaba ɗaya. Da na haska tocila cikin ramin sai na ga kebul uku a tsinke, suna reto wuri guda. Ɗaya namu ne. Na biyu na wani kamfani ne da ake biya haya duk shekara domin ya ɗauki nauyinmu idan namu ya lalace. Na uku kuma na siginar jirgin ƙasa ne. A takarda hanya biyu muke da ita, kowace da lambar yarjejeniyarta da sa hannun manya. A cikin ramin kuwa bututu ɗaya ne, wanda tafin hannuna zai iya rufe bakinsa.

Wanda bai taɓa haɗa irin wannan waya ba zai ɗauka ƙulli ake yi. Zaren gilashi ne, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita, kusan gashin kai. Sai ka fere rigarsa, ka goge shi tas, ka yanke bakinsa daidai, ka ɗora a inji ya saita bakunan biyu ya narkar da su da ɗan tartsatsi. Kowane zare da launinsa, shuɗi da shuɗi, kore da kore, in ka kuskure ɗaya ka haɗa wani gari da wanda ba shi ba. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya cikin tanti, muna kare ƙura da jikinmu. Can nesa ina hango fitilar wani jirgin kaya a tsaye, domin haka aka gina sigina: in ta rasa hanyar magana sai ta koma ja. Mai kula da ƙaramar tashar da ke kusa ya tako da ƙafa ya same mu, ya ce, "Malam, yaushe za ku gama? Ba ni da yadda zan gaya wa kowa komai." Wayar ofishinsa ta mutu, ta aljihunsa ba sabis, domin turken da ke ba shi sabis ɗin ma ta wannan rami yake sha. Sai da rana ta take muka gama.

Ba na zargin kowa da rashin hankali don ya tara kaya a babban layi. Akwai lissafi mai ƙarfi a bayan hakan, kuma na yarda da shi. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Copenhagen, shi ya fara warware wannan a rubuce-rubucensa na 1909 da 1917. Tambayarsa ita ce, layuka nawa za a ja tsakanin gari da gari don kada mai kira ya riƙa jin layi a cike? Abin da lissafinsa ya nuna shi ne, in kana da layi 10 kuma kana so kira ɗaya kacal cikin ɗari ya rasa gurbi, to a tsaka-tsaki ƙasa da rabinsu ne za su riƙa aiki, sauran suna zaman jiran ko-ta-kwana. In kuwa layi 100 ka tara wuri guda, da wannan sharaɗin dai, sama da 80 za su kasance cikin aiki. Wato yawan tarawa, yawan riba. Haka abin yake a dogo. Jirgi guda mai dogon jerin taragu a kan layi mai ƙarfi ya fi ƙananan jirage goma a kan layuka goma araha. Shi ya sa kowace ƙasa take da babban layi da rassa, kamar gangar itace da reshenta. A ƙasashe da yawa, sifirin nan da ake fara dannawa kafin lambar waya asalinsa ke nan: umarni ne ga na'ura cewa ta fitar da kiran daga cikin gari ta ɗora shi a babban layi.

Sai dai abin da aka tara ya ƙaru ƙwarai, ramin kuwa bai ƙara faɗi ba. Kebul na tarho na farko da ya ratsa tekun Atlantika a 1956 kira 36 yake ɗauka a lokaci guda. Na farko mai zaren gilashi, wanda aka shimfiɗa a 1988, yana ɗaukar kimanin 40,000. Na yau ba a ma ƙirga su da yawan kira. A da in waya ta tsinke gaisuwa ce da ciniki suke jinkiri. Yau albashi, da asibiti, da banki, da kiran neman agaji, da siginar jirgi, duk suna cikin zare guda.

Dogo da waya kuwa tun fil azal tare suke tafiya. A 1839 aka ja wayar tangaraho ta Cooke da Wheatstone a gefen dogo daga tashar Paddington ta Landan zuwa West Drayton. Saƙon tangaraho da Samuel Morse ya aika ranar 24 ga Mayu 1844 ya bi gefen layin dogo ne daga Washington zuwa Baltimore. Dalilin a fili yake: mai dogo ya riga ya mallaki doguwar ƙasa miƙaƙƙiya, ya gina gadoji, ya huda duwatsu, kuma shi kansa yana bukatar waya don jirage biyu kada su yi karo. Kamfanin waya na Sprint a Amurka daga sashen sadarwa na kamfanin dogon Southern Pacific ya samo asali. Indiya ta kafa kamfanin RailTel a shekarar 2000 domin ta ci moriyar zaren da ke kwance a gefen dogonta. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. In za a shimfiɗa sabon dogo, a binne bututu tun ƙasa tana buɗe, kada a dawo bayan shekara biyu a sake farke ta. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da gefen dogo ya zama hanya tilo, sannan a rubuta a rahoto cewa akwai madadin.

Baltimore ɗin nan da saƙon Morse ya sauka, ita ce ta nuna illar hakan bayan shekara 157. Ranar 18 ga Yuli 2001 wani jirgin kaya mai ɗauke da sinadarai ya kauce daga kan dogo a cikin tsohuwar hanyar ƙarƙashin titin Howard, wuta ta kama, ta yi kwanaki tana ci. Babban bututun ruwa da ke sama ya fashe. Jiragen kaya da ke bin gabar gabashin Amurka sai da suka yi zagaye mai nisa. Kuma a cikin wannan rami ɗin akwai kebul na kamfanonin sadarwa da dama, wuta ta cinye su, intanet ya yi nauyi a wuraren da ba su ma ji labarin gobarar ba tukuna. Tun kafin nan, a watan Mayun 1988, gobara ta cinye wata cibiyar tarho a Hinsdale kusa da Chicago. Kamfanonin da suka sayi layi biyu don rigakafi suka wayi gari suka gane cewa duka biyun ta wannan gini suke wucewa. Abin da na gani da tocilata ke nan a wancan dare, sai dai nasu ya fi girma.

Wani lokaci kuma wayar ce take tsayar da jirgi. Ranar 8 ga Oktoba 2022 aka datse kebul da gangan a wuri biyu a Jamus, ɗaya a Herne ɗaya a Berlin. Rediyon da direbobi ke magana da masu ba da hanya ya mutu, jiragen arewacin ƙasar suka tsaya cik na kusan awa uku. Dogon lafiyarsa ƙalau, wutar lantarki tana nan, amma ba mai sakin jirgi cike da mutane ba tare da hanyar magana ba.

Akwai abubuwa biyu da suka faru a kan babbar hanya guda, wadda ta taso daga tashar ruwan Rotterdam a ƙasar Holan ta bi kwarin kogin Rhine ta ratsa tsaunuka zuwa Genoa a Italiya. Ina roƙonku ku ajiye su gefe da gefe.

Ranar 12 ga Agusta 2017, a Rastatt ta Jamus, ana huda sabuwar hanya a ƙarƙashin tsohon layi sai ƙasa ta zaftare, dogon ya lotsa. Layin bai sake buɗewa ba sai 2 ga Oktoba, mako bakwai ke nan, alhali jiragen kaya har kusan 200 ne suke bi ta nan a rana. A taswira akwai wasu hanyoyi. Da aka zo amfani da su sai aka tarar wata ana kan gyaranta an rufe, wata ba ta da wutar lantarki, wata ba ta ɗaukar manyan taragu. Ta tsallaken kogi, cikin Faransa, tana nan, amma tana bukatar kan jirgi mai izinin shiga ƙasar da direban da ya san hanyar kuma yake jin Faransanci, waɗanda ba a tanade su ba. Kaya suka taru a tashoshi, da yawa suka koma kan manyan motoci.

Bayan shekara shida, ranar 10 ga Agusta 2023, ƙafar wani tarago ta karye a cikin hanyar ƙarƙashin tsaunin Gotthard a Suwizalan, mai tsawon kilomita 57, wadda aka buɗe a 2016. Ɓarnar ta yi yawa har ba a koma cikakken aiki ba sai watan Satumba na 2024. Fiye da shekara guda. Amma arewa da kudu ba su rabu ba, saboda abu biyu. An huda ramin ne gida biyu, don haka da aka gyara ɗaya cikin 'yan makonni jiragen kaya suka ci gaba da bi. Sannan tsohon layin 1882, mai hawa tsauni yana kewaye-kewaye, ba a tumɓuke shi ba lokacin da sabon ya zo. An bar shi da wutarsa da siginarsa da direbobin da suka san shi. Fasinjoji suka koma kansa, tafiyarsu ta ƙaru da kamar awa guda, suka isa inda za su.

Wannan magana ta tsohon layi ita ta fi damuna, domin ita ce ake yanke hukunci a kanta cikin sauƙi a ɗakin taro. A 1963 rahoton Richard Beeching, shugaban hukumar dogon Birtaniya a lokacin, ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kimanin mil 5,000 na dogon Birtaniya. Hujjar ita ce rassan ba sa kawo kuɗi, kuma inda layi biyu suke zuwa wuri guda ɗaya ya isa. In an auna kowane reshe shi kaɗai, hujjar tana da kyan gani. Amma fasinjan da ke cika babban jirgi daga reshe ya taho, kuma layin da ake kira maimaici shi ne mafita ranar wahala. A watan Fabrairun 2014 igiyar teku ta cinye katangar da dogo yake kai a Dawlish, ta bar ƙarafa suna lilo a iska. Plymouth da yankin Cornwall gaba ɗaya suka yanke daga sauran dogon ƙasar na wata biyu. Da akwai layin da ke bi ta cikin tudu, ta Okehampton da Tavistock, nesa da teku. An datse tsakiyarsa tun 1968.

A teku ma haka ne. Da yawa daga masu karanta wannan wasiƙa sun tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda a gaɓar tekun Kwaddibuwa. Ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka shiga duhu ko rabin duhu, bankuna suka kasa aiki, gyara ya ɗauki makonni saboda sai an jira jirgin ruwa na musamman ya taso daga nesa. Sunaye huɗu, masu mallaka daban-daban, amma sun kwanta kusa da juna a ƙasan teku, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu gurbi a wani kebul ɗin da bai bi ta nan ba. Tonga kuwa, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, da kebul ɗinta guda ɗaya tak, sai da ta yi kusan mako biyar tana jiran gyara bayan aman wutar dutse na Janairun 2022.

Don haka, ranku ya daɗe, babbar bukatata ita ce ku gyara ma'anar kalmar "madadin" a cikin lasisi da kwangilolin da kuke sa wa hannu. Kada a karɓi sunan kamfani na biyu a matsayin hanya ta biyu. A tambaya: wane rami take bi, wace gada take hawa, ta wace ƙofa take shiga gini, daga wane layin wuta take sha? Mu a wurin aiki muna cewa a ja layi kamar zobe, ta yadda in an yanke gefe ɗaya saƙo zai juya ta ɗaya gefen. Na'urorin an gina su su yi wannan juyi cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, mai magana a waya ba zai ma ji ba. Amma na sha ganin zoben da aka zana shi da'ira a takarda, a ƙasa kuwa gefensa biyu sun haɗu a kan gada ɗaya saboda tsallaka kogi sau biyu yana da tsada. Wannan gada ita ya kamata mai ba da lasisi ya je ya tsaya a kanta da ƙafarsa kafin ya sa hannu.

Hakan ba zai yiwu ba sai akwai wanda yake riƙe da cikakkiyar taswira. Kamfanoni suna ɓoye wa juna inda layinsu ya bi, suna kuma hayar zare daga hannun juna, har ta kai wanda ya sayar maka da madadin bai san cewa daga maƙwabcinka ya karɓo shi ba. Na fahimci tsoron kada taswirar ta faɗa hannun maɓarnata, abin da ya faru a Jamus ya isa hujja. Ba cewa nake a manna ta a bango ba. Hukuma guda ta riƙe ta cikin sirri, hukumar dogo da ta sadarwa su zauna su duba ta tare aƙalla sau ɗaya a shekara, su zagaye duk inda komai ya taru a maƙogwaro ɗaya. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, tana nan tun 1865, ta jiragen ƙasa, UIC, tun 1922. Kowace ta yi aiki babba a fanninta. Abin da ya rage shi ne mutanen ɓangarorin biyu su yarda cewa rami ɗaya suke kwana.

Daga wannan taswira kuma ɗan kwangila zai samu amsa kafin ya kunna katafila. A Amurka lamba ce guda, 811, mai haƙa zai kira a zo a shafa masa fenti a inda bututu yake. Mutumin da ya tsinke mana layi a wancan dare ba mugu ba ne. Yana tsaye a bakin ramin hannunsa a ka, yana rantsuwa cewa ba wanda ya gaya masa akwai wani abu a ƙasa, kuma na gaskata shi, domin ko alamar kankare ɗaya babu a wurin.

A ɓangaren dogo, hanya ta biyu ba ta amsa sunanta sai jirgin hanya ta farko zai iya hawa kanta. Faɗin dogo kaɗai ya isa ya hana. Tanzaniya a yau tana da faɗi uku: tsohon layin tsakiya mai mita ɗaya, layin TAZARA mai zuwa Zambiya mai milimita 1,067, da sabon layi mai milimita 1,435. Dukkansu suna taɓa Dar es Salaam, amma taragon wannan ba ya hawa wancan, sai an sauke kaya an sake lodi. Ƙasashe da yawa suna cikin irin wannan hali yayin da suke gina sabo kusa da tsoho. Ba na cewa a fasa gina sabon. Ina cewa a yanke shawara tun yanzu, a rubuce, me za a yi da tsohon: za a faɗaɗa shi, ko za a riƙe shi da nasa jiragen da tashar sauya kaya mai aiki? Abin da ya fi muni shi ne a bar shi ba a ce komai ba, ciyawa ta rufe shi, a kwashe ƙarafan, a yi gini a kan filin. Filin dogo in ya tafi da wuya ya dawo, ko da kuɗi a hannu.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: wa zai biya kuɗin layin da yawancin kwanaki ba kowa a kansa? Tambaya ce ta gaskiya. Kamfani mai neman riba ba zai haƙa rami na biyu don kansa ba muddin abokin gasarsa bai haƙa ba, kuma asarar ranar yankewa ba a littafinsa take sauka ba, tana sauka ne a kan mai haƙuri da ke jiran motar asibiti da ɗan kasuwar da kayansa ke ruɓewa a tarago. Shi ya sa wasiƙar nan gare ku take, ba ga kamfanoni ba. Ku ne kaɗai za ku iya ɗora sharaɗin a kan kowa lokaci guda, ko ku haƙa ramin na biyu da kuɗin hukuma ku ba kowa haya. Kuma ba lallai layin ya zauna banza ba. A raba masa wani kaso na jirage da na saƙonni kullum, ya ratsa garuruwan da babban layi ya tsallake, su ma su samu tasha da sabis.

Abu na ƙarshe da nake roƙo ba ya bukatar sabon gini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa ranar gwaji a kalanda, a sanar da jama'a, a rufe babban layi da gangan na 'yan awoyi cikin dare, a tura jirage da saƙonni ta hanya ta biyu a gani. A ranar ne za a gane ko akwai direban da ya san hanyar, ko batir ɗin cibiyar yana riƙe wuta, ko mabuɗin ɗakin na'ura yana hannun wanda ya yi ritaya bara. In kun sa ranar, ku gayyato masu gyaran layi da masu kula da ƙananan tashoshi su zauna a ɗakin tare da ku, ku shimfiɗa musu taswirar, ku ba su alƙalami su nuna muku gadojin da kwalbatocin da suka sani.

Na gode da kuka karanta. Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wani ma'aikacin gyaran layi